Silin da Ba Ya Karɓar Ƙusa

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata su yi haƙuri in maimaita abu ɗaya saboda baƙi: ni mai ciwon sikila ce. Na fara da wannan ne domin haka ake gabatar da ni a gidanmu. Kafin a ambaci karatuna ko halina, sai an sassauta murya an sanar da baƙo irin jinina, kamar motar da aka sa a kasuwa amma mai ita yana tsoron Allah.

Masu neman aurena sun zo, ba laifi, sai dai asibiti ne yake sallamarsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya je gwaji aka tarar jininsa bai dace da nawa ba. Wani bai ma wahalar da kansa ba, jin sunan ciwon kawai ya tuna masa cewa yana da sauran karatu a gaba. Sai ga na yanzu. Ya je gwaji da ƙafarsa, sakamako ya fito tas, babu ɗigon sikila a jikinsa. Tun daga ranar ya daina zama mutum a idon Mama, ya koma kadara. Sana'arsa ita ce yin silin mai zane a gidajen masu hali, irin wanda ake kwaɓa farin gari a zuba a mazubi a fitar da furanni da ganyaye. Mama tana kiransa Injiniya. Ni Mai Silin nake ce masa, kuma shi ma ya fi son hakan, wanda yana cikin dalilan da suka sa nake sonsa. Ina sonsa ƙwarai. Gara in faɗa tun yanzu, domin abin da zai biyo baya ba zai nuna hakan sosai ba.

Abu na biyu da ya kamata baƙo ya sani shi ne, tun ina jaririya ban saba kwana babu gidan sauro ba. Ga mai cikakkiyar lafiya, zazzaɓin cizon sauro yana iya tsayawa a ciwon kai da hutun aiki. A wurina ma'anarsa gadon asibiti, da ƙarin ruwa, da ƙashi yana sara kamar ana faskare, da Baba a tsaye a bakin ɗakin ɗibar jini yana kiran dangi a waya yana tambayar wanda ya ci ya ƙoshi a ranar. Baba tsohon ma'aikacin ofis ne da ba ya iya canza ko ƙwan fitila, amma yana da sana'ar hannu guda: buga ƙusa huɗu don rataye gidan sauro. Duk ɗakin da na taɓa kwana a cikinsa, daga gidan kakata har ɗakin kwanan makaranta, akwai ramukan Baba a sama. Yana da wata 'yar guduma da aka naɗe ƙotarta da baƙar roba, kuma ba ya ba kowa aronta.

To, ranar Asabar da ta wuce Mai Silin ya gayyace mu ganin gidan da ya gama ginawa, domin a mako mai zuwa ne manya za su zauna su tsayar da magana. Ana gobe za mu je ya turo mini saƙo.

"Ranki ya daɗe, gobe za ki ga abin da na daɗe ina ɓoye miki. Ki zo da wuya mai ƙwari, sama za ki yi ta kallo."

Na rubuta masa, "Allah ya sa akwai wurin rataye gidan sauro a saman."

Ya turo fuskokin dariya, ya ƙara da jar zuciya. Na lura a ɗan zaman duniyar da na yi cewa idan ka yi wa mutum tambaya ya amsa da hoto, to ya fahimci tambayar sarai.

Da safe Gwaggo ta iso. Yayar Baba ce, kuma ba a gayyatarta domin ba ta taɓa jiran gayyata ba. Ita ta zaɓa mini doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, ta hana ni sa takalmin da nake jin daɗin tafiya da shi, ta ce na marasa lafiya ne. Tana gyara mini mayafi tana karanta mini dokokin ziyara.

"Idan kin ga abu ki ce ya yi kyau. Idan bai yi kyau ba ki ce ya yi kyau sosai. Kada in ji kin yi tari, kada in ji kin ce kin gaji."

"Idan na suma fa, Gwaggo?"

"Ki bari sai mun shiga mota."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini robar ruwana kamar kullum, amma yau ta tura ta can ƙasan jaka inda ba za a gani ba.

Gidan yana ƙarshen sabuwar unguwa, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Gaskiya gida ne mai kyau. A bayansa kuma akwai wani faffaɗan lambatu da ruwa ya kwanta a ciki ya yi kore, ciyawa ta kewaye shi har kugu. Mai Silin ya nuna wurin da hannu ya ce nan gaba lambu zai zama. Na duba, na ga masu wurin, wato sauraye, sun riga sun tare da iyalansu, suna ta kai da komo a saman ruwa tun rana ba ta faɗi ba. Tagogin gidan manya ne, na gilashi mai turawa, babu raga a ko ɗaya. Ya ce raga tana kashe wa taga kwarjini.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama da Gwaggo, ya bi da mu falo da kicin, sannan ya tsaya a ƙofar babban ɗaki ya ce mu rufe ido. Gwaggo ce kaɗai ta rufe.

Masu karatu, zan yi masa adalci. Ban taɓa ganin silin irin wannan ba. Reshe ne ya taso daga kowace kusurwa, yana murɗawa yana fitar da ganye, har rassan suka haɗu a tsakiya a kan wani babban fure mai faɗi kamar faranti, daidai saman gado. Ya danna makunni, wani haske mai laushi ya fito daga gefe ba tare da an ga fitila ba. Na tsaya ina kallon furen, ina jin na san shi a wani wuri.

"Na jikin mayafinki ne," ya ce a hankali. "Wanda kika yafa ranar da na fara ganinki. Da hannu na sassaƙa mazubin, bayan an tashi daga aiki."

Mama ta kai gefen mayafi ido. Gwaggo ta ce, "Kin ji ko? Wasu mazan ko launin rigarki ba za su tuna ba." Baba kuwa ya ɗaga kai yana duban sama, amma na san irin kallon. Ba sha'awa yake yi ba, awo yake yi.

Da na yi shiru a nan, da yanzu ina ba ku labarin ɗinki. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ya yi kyau sosai. A ina za a buga ƙusa?"

Mama ta mintsine ni a inda mayafi ya rufe.

Mai Silin ya yi murmushin wanda ya yi bitar jarrabawa. Ya janyo wani kwali daga bayan ƙofa, an ɗaure shi da jan zare kamar kyautar sallamar ma'aikaci. Ashe ya shirya.

"Na yi tunani a kan komai," ya ce. Ya nuna na'urar sanyaya ɗaki da ke manne a bango. "Ga wannan. Sauro ba ya son sanyi."

"Ni ma haka," na ce. "Sanyi ne yake tayar mini da ciwon ƙashi. Idan ka kunna ta, ni da sauron tare za mu fita. Idan kuma aka ɗauke wuta, shi zai riga ni dawowa."

Ya fito da gwangwanin feshi, manya guda biyu.

"Wannan yana aiki," na ce, domin ba na son a ce ban yaba ba. "Sai dai kullum za a fesa, a rufe ɗaki, a fita a jira warin ya lafa, sannan a buɗe waɗannan tagogin domin a sha iska, sababbin baƙi su shigo. Ranar da ka yi tafiyar aiki, ko gwangwani ya ƙare ba a lura ba, ko muka dawo a gajiye muka ce sai gobe, ranar ce kawai ake buƙata."

"To ga na kunnawa," ya ce, ya ɗago kwalin maganin nan mai murɗe da ake sa wa wuta.

"Hayaƙinsa yana riƙe mini ƙirji."

"A ajiye shi nesa da gado."

"Kuma yana sa silin ya yi baƙi."

Ya mayar da shi cikin kwali da sauri kamar ya taɓa garwashi. Na roƙe ku ku riƙe wannan a ranku, domin ni na riƙe. Ƙirjina ya samu shawarar a matsar da abu gefe, silin kuwa ya samu a janye shi gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe a kwalin shi ne abin nan mai kama da matankaɗi mai mariƙi, wanda ake caji a riƙa kai wa sauro duka yana ƙara. Gwaggo ta karɓa ta kaɗa shi a iska, ya yi ƙara sau biyu a jere, ta ce, "Ka ga aiki."

"Wa zai riƙa kaɗa shi idan mun yi barci, Gwaggo?"

"Ke dai ba a iya miki. Ba kina shan maganin rigakafi ba? Me ya rage kuma?"

"Likitan da ya rubuta maganin shi ya ce kada in bar gidan sauro. Bai ce in zaɓi ɗaya ba."

"Likita ba shi zai aure ki ba."

Mai Silin ya ce zai sa raga a tagogi, kwarjini ya tafi. Na gode masa, kuma har zuciyata, domin raga tana rage su ƙwarai. Amma ƙofa ana buɗe ta, kuma sauro ɗaya da ya biyo bayan mai shigowa ba ya buƙatar rakiya. Ya ce akwai gidan sauron da ake buɗewa kamar tanti, ba ya son ƙusa. Na duba gadon da ya sa aka ƙera, wanda mutum zai iya ɓata a tsakiyarsa, na tambaye shi ko ya taɓa ganin tanti mai wannan faɗin. Ya ce bai gani ba. Sanduna a kusurwoyin gado kuwa ya riga ya yi tunaninsu, ya ce za su mayar da ɗakin kamar rumfar kasuwa.

Sai ya zauna a bakin gado, ya daina murmushi, ya faɗi gaskiyar da ya kamata ya fara da ita.

"Ni ba na iya numfashi a cikin abin nan. Tun ina yaro. Da an sake shi a kaina sai in ji kamar an gama da ni ana jiran masu ɗauka. Kuma idan aka rataye shi, me za ki gani idan kin kwanta? Raga. Duk wannan aikin, raga za ki gani."

Ban musa masa ba, domin babu wanda ya kai ni sanin aibin gidan sauro. Yana riƙe zafi. Sabo yana sa fuska ƙaiƙayi idan ba a shanya shi a inuwa ba. Kullum sai an cusa gefensa ƙarƙashin katifa, kuma duk wanda ya tashi shan ruwa sai ya sake cusawa. Ba shi da kyan gani, ko an saya masa launi. Na faɗa masa duk wannan. Na ce abin da ya fi sauran da shi guda ne: shi kaɗai ne yake ci gaba da aiki bayan kowa ya yi barci, ko da wuta ko babu, ko an tuna ko an manta.

Ya miƙe, fuskarsa ta sake washewa. "Na san za ki faɗi haka. Ku zo ku gani."

Ya bi da mu ta wani siririn lungu zuwa ƙaramin ɗaki kusa da kicin. Taga ɗaya, gado na mutum ɗaya, silin fari fat babu ko ganye. A samansa ga ƙugiyoyi huɗu sababbi suna ƙyalli, an ɗaura su daidai kamar da ma'auni.

"Idan damina ta yi ƙarfi sai ki riƙa kwana a nan," ya ce. "Kin ga kowa ya huta. Ke kin samu gidan sauronki, ɗaki kuma bai lalace ba."

Yana faɗa yana kallona da idon mai jiran yabo. Abin da ya fi ciwo shi ne babu mugunta a ciki ko kaɗan. Ya zauna ya yi lissafi da zuciya ɗaya, ya auna ni ya auna silin, ya samo hanyar da ba za a taɓa ko ɗaya ba, sai dai a matsar da wadda take da ƙafa.

"Kin ga mutum mai tunani," in ji Gwaggo. "Ɗaki biyu. Ni da aka kai ni, labule ne ya raba ni da buhunan hatsi."

Mama ta ja ni lungu, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na sunkuya.

"Ki karɓa, don Allah. Bayan an zauna lafiya sai ki lallaɓa shi. Kin san sau nawa na share falo na yi turare, mutum ya zo sau ɗaya bai dawo ba? Ni da babanki ba dawwama za mu yi ba. Ina so in ga akwai wanda zai tsaya a bakin ɗakin jinin nan idan ba ma nan."

Ban sami abin ba'a a wannan maganar ba, kuma na nema. Gaskiya ta faɗa. Idan na ƙi, mai yiwuwa babu wani mai takarda tas da zai sake ƙwanƙwasa mana ƙofa. Idan na karɓa, na san yadda za a yi, domin na san kaina. Ba zan kwana ni kaɗai kusa da kicin ina amarya ba. Zan ce yau ɗaya dai, in kwanta a ƙarƙashin furen, gobe ma in ce yau ɗaya, har ranar da za a kira Baba a waya. Mutumin da Mama take so ya tsaya a bakin ɗakin jini zai tsaya, ban yi shakka ba. Ni dai na fi son wanda zai rage mini zuwa wurin.

Baba ya fito daga ƙaramin ɗakin yana jan ƙafa. Ya tsaya kusa da ni, ya sa hannu a aljihun rigarsa.

"Uwata, riƙe mini wannan. Ya yi mini nauyi."

Gudumar ce, mai baƙar roba, da ƙusoshi huɗu a naɗe cikin 'yar takarda. Ya wuce falo ya zauna kamar wanda ya miƙa makullin ofis ranar ritaya.

Na cire takalman da Gwaggo ta zaɓa mini. A babban ɗakin akwai tsanin ma'aikata jingine da bango, duk farin gari a jikinsa. Na ja shi zuwa gefen gado, na tattare rigar ruwan zuma da hannu ɗaya, na hau. Ƙarar jan tsanin ce ta kira su. Mama ta tsaya a ƙofa ta dafe ƙirji. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, sauko kafin in ci mutuncinki a gidan mutane."

Na ɗora bakin ƙusa a wani fili tsakanin ganye biyu, inda na ga ɓarnar za ta fi sauƙi. Sannan na dubi Mai Silin.

"Ranka ya daɗe, ni a ɗakin nan zan kwana, ko kuma a gidan Baba. Ƙaramin ɗakin ka ba wa baƙi. Idan ba ka yarda ba ka faɗa yanzu, in sauka ban taɓa maka komai ba, kuma ba zan riƙe ka a raina ba."

Ya dubi ƙusar, ya dubi furen, ya dube ni. Ya daɗe. Har na fara tsara yadda zan sauka da mutuncina a gaban Gwaggo.

"Ba nan ba," ya ce.

"Na ji." Na fara sauke hannu.

"Nan babu katako a sama. Idan kika buga, rabin silin ɗin zai biyo ki. Sauko."

Na sauko. Ya karɓi gudumar da ƙusar ya hau. Ya riƙa ƙwanƙwasa silin da bayan yatsa yana kasa kunne, yana matsawa kaɗan kaɗan, har sautin ya canza daga na fanko zuwa na abu mai ciki. Ya tsaya. Yatsansa yana kan reshen da ya fi kowanne ganye, wanda ya riƙe gindin furen.

"Da wannan na fara," ya ce, ba da kowa yake ba.

"Injiniya, kada ka biye mata," in ji Mama. "Yarinta ce."

Ya saita ƙusar, ya rufe ido ɗaya, ya buga. Wani siririn tsagu ya tashi daga gindin ƙusar ya bi reshen ya shiga cikin furen. Ganye ɗaya ya ɓalle, ya faɗo ya tarwatse a kan ɗankwalin Gwaggo. Daga falo na ji Baba ya yi gyaran murya.

Mai Silin ya tsaya yana kallon tsagun kamar mai duba rauni a jikin ɗansa. Bai waiwayo ba. Ya miƙo hannu ɗaya ta bayansa, tafin a buɗe.

"Miƙo ta biyu," ya ce, "kafin in dawo hayyacina."